Ina Kwararafa Take? Tambayar da Muka Binne da Ranta

Kwanakin baya ɗiyata, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta zo mini da aikin gida na darasin tarihi. Tambaya ta uku ta ce a faɗi babban birnin Daular Kwararafa, aka bar ɗan gurbi wanda kalma ɗaya kaɗai zai ɗauka. Ta rubuta Wukari, malaminta ya ba ta maki biyu cif. Ban ce ta goge ba, domin ba na son yarinya ta faɗi jarrabawa saboda gardamar ubanta. Amma abin ya tsaya mini a rai. Tambayar da manyan masana suka shafe fiye da shekara ɗari suna kai-komo a kanta, ga ta an mayar da ita cike-gurbi na maki biyu.

Abin da nake so in kafa a wannan maƙala shi ne: ba mu san tabbacin inda Kwararafa take ba a zamanin da ta addabi Kano, ba mu san ko ƙasa ɗaya ce ko ƙasashe da yawa da aka haɗa musu suna ɗaya ba, kuma ba mu da shaidar cewa mutanenta na wancan zamani sun taɓa kiran kansu da wannan suna. Duk wanda ya zana mata taswira mai iyakoki, ya ɗiga ɗigo ya ce nan ce fadarta tun fil azal, ya faɗi abin da ya wuce hujjarsa. Irin wannan wuce gona da iri kuwa yana da farashi, kuma akwai waɗanda suka riga suka biya shi da rayukansu.

Abin da Kano ta rubuta

Mafi yawan abin da duniya ta sani game da Kwararafa daga cikin ganuwar nan tamu ya fito, wato daga littafin Larabcin nan da aka fi sani da Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, daga baya kuma aka buga shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Bari mu bi shi daki-daki.

A zamanin Sarki Yaji (1349–1385), littafin ya nuna Kwararafa ce kaɗai ta ƙi bin Kano. Yaji ya tafi musu, suka haye wani dutse da ake kira Tagara, ya yi wata bakwai yana zaune a gindinsa, daga ƙarshe suka fanshi kansu da bayi ɗari. A zamanin Kananeji (1390–1410) sai alaƙar ta koma ciniki: Kano na aika dawaki, su suna aiko bayi. A zamanin Dauda (1421–1438) an ambaci Amina ta Zazzau, an ce ta ci garuruwa har Kwararafa da Nufe.

Daga nan sai reshe ya juye da mujiya. A zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) Kwararafa ta zo Kano da yaƙi, mutanen gari suka fice zuwa Daura, ƙasa ta raunana. A zamanin Kukuna, wajen 1653, wani sarkinsu da littafin ya kira Adashu ya sake zuwa, Sarkin Kano ya bar gari ya nufi wajen Auyo. A zamanin Dadi (1670–1703) kuwa, sun shigo birni ta Ƙofar Gadon Ƙaya, suka karkashe mutanen Kurmi, suka kai har Bakin Ruwa. Waɗannan wurare uku duk suna nan, Bakano na ratsa su kullum a cikin a-daidaita-sahu.

Mai karatu ya lura da abin da babu a cikin wannan labari. Littafin bai faɗi kwana nawa ake yi daga Kano zuwa Kwararafa ba. Bai ce an haye wani babban kogi ba. Bai faɗi harshen da suke yi ba. Bai ambaci Wukari ba. Sannan shi kansa littafin, a siffar da ya iso mana, ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19. John Hunwick ya yi hujja a 1994 cewa a zamanin ne aka tsara shi, wasu kuma na ganin an fara shi tun ƙarni na 17 aka riƙa yi masa ƙari. Ko wanne aka ɗauka, tsakanin Yaji da alƙalamin da ya rubuta labarinsa akwai ɗaruruwan shekaru. Shekarun da na jera a sama ma ba a cikin littafin suke ba: Palmer ne ya ƙirga su da baya-baya, yana tara tsawon mulkin kowane sarki.

Ba ina nufin Kwararafa tatsuniya ba ce. Akwai shaidar da ta fi wannan kusa da lokacin. Ɗan Marina, waliyyin Katsina na ƙarni na 17, ya yi waƙar Larabci yana yabon Mai Ali na Borno kan nasarar da ya samu a kansu. Sunanta ya kai har Tarabulus, inda aka riƙa raɗe-raɗin wai akwai Kiristoci a can, har wasu limaman Katolika biyu suka taso a 1710 suka keto Sahara ta Agadas suna neman hanyar waɗannan ƙasashe, ajali ya riske su a Katsina a 1711. Lallai akwai wani ƙarfi a kudu wanda ya girgiza Kano da Katsina da Borno. Gardamar ita ce: ƙarfin wa, kuma daga ina?

Sunan da ba masu shi suka raɗa ba

Sunan kansa bai zauna wuri ɗaya ba. Mu muna cewa Kwararafa. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, Kororofa ya rubuta. A rubutun Larabci baƙaƙen kaf da ra da ra da fa su ne ƙashin sunan, idan marubuci bai sa wasali ba mai karatu ne zai sa wanda kunnensa ya saba da shi. Wasu sun danganta asalin kalmar da gishirin kwarin Binuwai, irin na Awe da Keana, wanda fatake suka daɗe suna safara. Wasu sun ce daga kwarara ne, wato mayaƙan da ke malalowa kamar ruwa. Kowanne cikin biyun aka ɗauka, bakin baƙo ne ya faɗi sunan. Jukunawan Wukari Wapan suke kiran kansu, kuma a ruwayoyin Idoma da wasu maƙwabtansu sunan Apa ne ya fi yawo a matsayin tsohuwar ƙasar da kakanni suka baro.

Mun san halinmu wajen raɗa wa maƙwabta suna. Mukan ɗauki kalma ɗaya mu lulluɓe al'ummu goma da ita, kamar yadda a bakin mutanen da Gwari kan wuce Gbagyi ya haɗa da duk wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Me zai hana Kwararafa ta zama irin wannan lulluɓi, wato sunan da marubucin birni ke ba duk wata rundunar da ba ta Musulmi ba da ta ɓullo daga kudu maso gabas, ko da waɗanda suka zo a zamanin Yaji ba su da dangantaka da waɗanda suka zo a zamanin Dadi? Tsakaninsu shekara ɗari uku ne. Wasu masana tarihin Nijeriya sun daɗe da kawo wannan zato, amma bai taɓa samun shiga littafin makaranta ba.

Wurin ma haka. Akwai kango kusa da Bantaji, a Jihar Taraba ta yau, wanda ake kira Biepi, ake kuma cewa tsohuwar fada ce. Akwai Pindiga a Gombe, akwai Kona kusa da Jalingo, duk tsofaffin cibiyoyin Jukun. J. B. Webster ya kawo ra'ayin cewa fadar ta yi ta ƙaura ne: daga Santolo, zuwa Tagara, zuwa Biepi, sannan Wukari a ƙarshe. Santolo kuwa ita ce abokiyar gabar Kano ta farko, wadda Tarihin Kano ya ce Yaji ya ci da taimakon Wangarawa, kuma Murray Last ya yi nazarinta a 1979 a duwatsun da ke nan ƙasar Kano. Idan Webster ya yi daidai, Kwararafa ta fara ne a bayan gidanmu. Idan bai yi daidai ba, sai a bayyana mana yadda runduna za ta taso daga bayan Binuwai, tafiyar kusan kilomita 500 a miƙe, ta zo ta fasa ganuwa har sau uku. Mai yiwuwa ne, amma mai yiwuwa ba hujja ba ce.

Yadda wasu suka yi da tasu gardamar

Ba mu kaɗai Allah ya jarraba da ɓatacciyar masarauta ba. Mutanen Japan suna da tasu, kuma kamanninta da tamu har ban mamaki. A ƙarshen ƙarni na 3, wani marubucin ƙasar Sin mai suna Chen Shou ya rubuta tarihin dauloli uku na ƙasarsa, a ciki ya keɓe wani ɗan sashe mai haruffa kusan 2,000 ga mutanen tsibiran gabas. Ya ce wata sarauniya, Himiko, ke mulkinsu, ta aika jakadu fadar Wei a 238 ko 239, aka ba ta hatimin zinariya da madubin tagulla ɗari. Ya kuma bayyana hanyar zuwa birninta zango-zango daga zirin Koriya. Matsalar ita ce, wanda ya bi kwatancen kamar yadda aka rubuta, a tsakiyar teku zai tsinci kansa, kudu da tsibirin Kiyushu. Dole dai an yi kuskure, ko a nisa ko a fuskar da aka nuna. Masu cewa nisan ne ba daidai ba suka ajiye masarautar a Kiyushu. Masu cewa kudu aka rubuta a maimakon gabas suka kai ta yankin Nara, inda gidan sarautar Japan ya samo tushe.

Sunan ma ana ja. Kofen da suka rage na littafin sun rubuta harafin da za a karanta Yamaichi, wasu littattafan Sin na baya kuma suka rubuta wani harafi mai kama da shi da za a karanta Yamatai. Bambancin 'yan zane-zane ne a harafi ɗaya, kamar dai namu na wasali. Malamansu sun fara gardamar tun ƙarni na 18, ta ƙara zafi a 1910 lokacin da Shiratori Kurakichi na jami'ar Tokiyo ya tsaya wa Kiyushu, Naito Konan na jami'ar Kiyoto ya tsaya wa Nara. Kuma akwai siyasa a ciki, domin amsar ta shafi tsufan gidan sarautarsu. Har gobe hukumar fadar sarki ba ta yarda a tona kabarin Hashihaka ba, tudun nan mai tsawon kusan mita 280 da wasu ke zaton na Himiko ne.

To, me suka yi? Suka ɗauki shebur. Daga 1986 aka tono Yoshinogari a Kiyushu, gari guda mai ganuwa da gwalalo. A 2009 aka gano harsashin wani katafaren gini na ƙarni na 3 a Makimuku ta yankin Nara. Ba a raba gardamar ba har yau, amma ita ce ta sa suka san wancan zamani nasu ciki da bai, kuma ɗan makarantarsu ana gaya masa ra'ayi biyu ne. Su rashin amsa ya tura su aiki. Mu kuwa muka ƙago amsa don mu huta.

Wanda ya zana taswirar

Wa ya fara ba mu wannan amsa? A nan ne ya kamata kowane mai ilimi ya yi hattara. Gaskiya ne Barth ya ji a 1851 cewa Wukari ce babban birnin Kororofa, kuma wannan shaida ce mai ƙarfi game da zamaninsa. Amma hoton wata babbar daular Jukun guda ɗaya, mai tsari, wadda ta mulki kwarin Binuwai ɗaruruwan shekaru, a ofishin Turawan mulki ya nuna. Palmer, wanda ya fassara Tarihin Kano, shi ne ya zama Laftanan Gwamnan Lardunan Arewa daga 1925 zuwa 1930. Mulkinsu ta hannun sarakuna yake tafiya, ga shi kuma kwarin Binuwai cike da al'ummu irin su Tibi waɗanda ba su da sarki guda da za a riƙe. Tsohuwar daula ita ce maganin wannan ciwon kai: idan Aku na Wukari magajin masu mulkin yankin ne, sai a jingina masa maƙwabta a ce an maido da tarihi. A wannan yanayi C. K. Meek, jami'in gwamnati mai nazarin al'adu, ya fitar da littafinsa A Sudanese Kingdom a 1931, yana neman tushen sarautar Jukun har a tsohuwar Masar, bisa son zuciyar Turawan lokacin na cewa duk abin kirki a Afirka daga waje ya zo. Abin lura, Jukunawan da Meek ya zauna da su ba su riƙe wani cikakken labarin yaƙi da Kano ba, kuma sarautar da ya tarar ta addini ce da tsafin ruwan sama da amfanin gona, ba ta mayaƙan dawaki ba.

Na san abin da za a ce: ga Bakano ya zo zai ƙwace wa Jukun abin alfaharinsu, don kakanninsa sun sha kashi. Ban zo da wannan ba. Dangantakar Jukun da Kwararafa ta ƙarshen zamani tana da hujja, kuma girman da al'ummu da yawa na Binuwai ke ba Aku Uka ba Bature ne ya ƙirƙire shi ba. Jami'ar da ke Wukari mai wannan suna ta ci sunanta, masu neman a ƙirƙiro Jihar Kwararafa kuma suna da 'yancin nema. Abin da na ƙi shi ne a mayar da zato takardar mallakar ƙasa. Rikicin Tibi da Jukun, wanda ya ci rayuka a 1991 zuwa 1992, ya dawo a 2001, ya sake dawowa a 2019, yana da dalilai na gona da siyasa da kujerar ƙaramar hukuma, amma harshen da ake yin sa da shi na tarihi ne: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ƙasar daular wa ce. Malamin da ya koya wa yaro taswirar da ba ta da tushe, ya sani ko bai sani ba, yana wasa wuƙar da wani zai ɗauka.

Kuma idan aka bi shaidar da gaskiya, ba ta goyi bayan masu son tsarkin ƙabila na kowane ɓangare ba. A Wukari akwai Abakwariga, al'umma mai asalin Hausa da ta daɗe cikin Jukun, wadda Mahdi Adamu ya yi bayaninta a littafinsa na 1978 kan rawar Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma. Ba abin mamaki ba ne idan cikin waɗanda suka shigo ta Gadon Ƙaya akwai masu jin Hausa kamar waɗanda suka tarar a Kurmi.

Laifinmu na cikin gida

Kada Kanawa su ɗauka sun fita. Namu laifin ya fi muni, domin mu ke riƙe da shaidar. Mun jefa Kwararafa cikin jerin Banza Bakwai, mun sallame ta da kalma ɗaya ta raini, alhali ita ce ta sa Kanawa barin garinsu fiye da sau ɗaya. A taron tarihi za a yi ta ambaton Bagauda da Rumfa da jihadi, a tsallake ƙarni na 17 kamar an tsallake kwata. Al'ummar da ba ta nazarin ranar da aka ci ta da yaƙi, rabin kanta kawai ta sani.

Sannan ga ganuwa. Tarihin Kano ya ce Gijimasu ya fara ta, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa. Tun 2007 tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, amma kowa na ganin yadda ake yankar ta ana kafa shaguna da gidajen mai, ana ɗibar ƙasarta ana gini. Ƙofar Na'isa an rushe ta a 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. A cikin irin wannan ƙasa ake samun toka, da kan kibiya, da alamar inda aka fasa aka sake liƙewa, abubuwan da za a iya aunawa a san shekarunsu. Duk tifar da ta kwashi ƙasar ganuwa ta tafi da shafin da ba a karanta ba.

Kada a ce tono ba ya ba da amsa a ƙasarmu. Aunin da aka yi wa ragowar maƙera a Dala ya nuna ana narkar da ƙarfe a can tun wajen ƙarni na 7, shekara ɗari uku kafin Bagauda. A Durɓi ta Kusheyi ta ƙasar Katsina, tonon 1992 ya fito da kaburbura masu kayan tagulla da zinariya da wuri, waɗanda suka nuna alaƙar ciniki mai nisa tun ƙarni na 13 da na 14. Ƙasa tana magana idan aka tambaye ta.

Abin da ya kamata

Na farko, a gyara littafin makaranta. A rubuta cewa masana sun saɓa, a kawo ra'ayoyin, a bar yaro ya ga yadda ake auna hujja. Yaron da ya iya cewa "ba a tabbatar ba, ga dalili" ya fi wanda ya haddace Wukari ilimi.

Na biyu, Jami'ar Bayero, wadda tsohon matsuguninta ke 'yar tafiya kaɗan daga Ƙofar Gadon Ƙaya, da sashen nazarin kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'o'in Wukari, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, su haɗa hannu kan aiki guda: a auna shekarun Santolo, a auna na Biepi, a gwada tukwanensu da ƙarafansu. Idan ra'ayin ƙaurar fada gaskiya ne, kasko zai nuna. Idan ba gaskiya ba ne, kasko zai nuna.

Na uku, a tattaro kofen Tarihin Kano na Larabci da ke hannun gidajen malamai da ɗakunan ajiya, a jera su, a fitar da bugu mai nuna inda suka saɓa. Abin kunya ne a ce bayan shekara ɗari da ɗoriya yawancinmu ta bakin Palmer muke jin kakanninmu.

Na huɗu, a daina taɓa abin da ya rage na ganuwa sai masana sun duba. Attajiran da ke zuba miliyoyi a bikin naɗin sarauta, kaɗan daga ciki zai ɗauki nauyin tonon rani guda.

Ɗiyata ta riƙe makinta biyu. Amma ranar Asabar ɗin da ta biyo baya na ɗauke ta muka je Gadon Ƙaya, muka tsaya gefen titi motoci na wucewa, na ce mata ta nan suka shigo. Ta tambaye ni daga ina suka zo. Na ce mata har yanzu ba a gano ba, kuma idan ta yi karatu da kyau, wataƙila ita ce za ta gaya mana.